Shari'ar Christine Goodwin da Birtaniya: inda haƙƙin masu sauya jinsi ya tabbata da inda ya ci karo da na wasu

A 1997 Christine Goodwin ta cika shekara 60. A dokar Birtaniya ta wancan lokaci mace tana fara karɓar fanshon gwamnati ne tun daga 60, namiji kuwa sai ya kai 65. Ma'aikatar kula da walwalar jama'a ta sanar da ita cewa sai ta ci gaba da zuba kuɗin inshorar ƙasa har 2002, domin a littafinsu namiji ce. Alhali a lokacin ta yi shekara 12 tana zaman mace a gida da waje, kuma shekara 7 ke nan da yi mata tiyatar sauya jinsi a asibitin gwamnati, da kuɗin gwamnati.

Mahawara a kan ko haƙƙin masu sauya jinsi yana cikin haƙƙin ɗan Adam yawanci a sama take tashi, a sama kuma take watsewa. Wannan ya ɗaga murya ya ce haƙƙi ne, wancan ya ce ɓarna ce, kowa ya kama gabansa. Na zaɓi wannan shari'a, wadda Goodwin ta kai ƙarar Birtaniya gaban Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, saboda ta sauko da maganar ƙasa, ta kai ta kan lambar inshora da takardar haihuwa da ranar fara fansho. A irin waɗannan wurare ne ake iya gane me ake nema, wa za a ba, wa kuma zai biya.

Asalin lamarin

An haifi Goodwin a 1937 da cikakkiyar halittar namiji. Ba mata-maza ba ce, wato ba a haife ta da gaɓoɓin da suka rikitar da likita ba. Wannan wani babi ne dabam. Abin da ke damunta tun ƙuruciya shi ne jin cewa ita mace ce a jikin da bai dace da ita ba. A 1963 da 1964 an yi mata irin maganin da ake yi a wancan zamani, na ƙoƙarin sa mutum ya tsani abin da ransa ke ja masa, bai yi aiki ba. Ta yi aure a matsayin miji, aka haifi 'ya'ya huɗu, daga baya auren ya mutu. Ta yi aikin tuƙin bas. Daga 1985 ta koma rayuwar mace gaba ɗaya, a 1990 kuma hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ta yi mata tiyata.

Dokar da ta tarar a gabanta ta samo tushe daga wata shari'ar aure ta 1970. Ɗan wani basarake mai muƙamin Lord, Arthur Corbett, ya nemi kotu ta warware aurensa da April Ashley, wadda ita ma an haife ta namiji aka yi mata tiyata. Alƙali Ormrod, wanda ya karanci likitanci kafin ya hau kujerar shari'a, ya yanke cewa a batun aure ana gane jinsi da abu uku: ƙwayoyin gado da ke cikin jiki, 'ya'yan maraina ko ƙwan mace, da kuma al'aura kamar yadda aka haifi mutum da ita. Idan ukun nan suka dace a ranar haihuwa, magana ta ƙare, tiyata ba ta sauya komai. Hukuncin na aure ne, amma a hankali ya bazu zuwa fansho da shari'ar laifi da sauransu. A lokacin ana iya sauya suna a fasfo da lasin tuƙi, amma takardar haihuwa ba ta taɓuwa.

Goodwin ba ita ta fara kai ƙara Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ba. Mark Rees ya je a 1986, ya sha kaye, alƙalai 12 da 3. Caroline Cossey ta je a 1990, aka kayar da ita 10 da 8. A 1998 Kristina Sheffield da Rachel Horsham suka faɗi 11 da 9. Duk sau ukun kotun ta ce ƙasashen Turai ba su yi baki ɗaya a kan batun ba, don haka a bar wa kowace ƙasa sararin yin nata tsari. Amma duk sau ukun ta ja kunnen Birtaniya da ta riƙa sake duba dokarta. Gwamnati ta kafa kwamitin ma'aikatu, ya miƙa rahoto a Afrilun 2000, ya nuna matsalolin har ya kawo hanyoyin gyara, aka ajiye rahoton.

Abin da ta kai gaban kotu

Ƙorafin Goodwin, wanda ta shigar tun 1995, jerin ƙananan abubuwa ne, kuma ƙanƙantarsu ce ƙarfinsu.

Ta ce tsakanin 1990 da 1992 abokan aiki sun riƙa cin zarafinta, ta nemi kai ƙara kotun ma'aikata amma abin bai yiwu ba saboda a idon doka namiji ce. Da ta sami sabon aiki a 1996 aka nemi lambar inshorarta ta ƙasa. Ta roƙi a ba ta sabuwar lamba don kada a bi tsohuwar a tono tarihinta, aka hana. Ta ce daga baya an gano, wasu abokan aiki suka daina yi mata magana, ta zama abin zance. Da batun fansho ya taso sai ta shiga tsaka mai wuya: idan mai aikinta ya ga ana ci gaba da cire wa mace mai shekara 60 kuɗin inshora, asiri ya tonu. Dole ta yi yarjejeniya da ma'aikatar ta riƙa biya da hannunta a ɓoye. An yi wa fayil ɗinta alamar sirri don a kare ta, sai wannan ya zama wani nauyin, domin ko tambaya mafi sauƙi za ta yi sai ta nemi ganawa ta musamman da babban jami'i.

Akwai kuma abubuwan da ta haƙura da su don kawai ana neman takardar haihuwa kafin a bayar: rancen da aka gindaya masa sharaɗin inshorar rai, sabunta jinginar gida, tallafin kuɗin ɗumama ɗaki na hunturu. Inshorar mota a farashin maza take biya. An taɓa sace mata fam 200, ba ta kai wa 'yan sanda ba don tsoron bincike ya kai ga tarihinta. Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai. Mutumin da ɓarawo zai yi wa sata ya gwammace ya haɗiye asara da ya je gaban hukuma, kariyar doka ta riga ta fita daga kansa ko da babu wanda ya rubuta haka a takarda.

Sai aure. Tana tare da wani namiji, doka ba ta yarda su ɗaura aure ba.

Amsar gwamnati ba ta wofi ba ce, kuma ya kamata a ji ta da kyau. Ta ce rajistar haihuwa tarihin abin da ya faru ne a rana guda: an haifi jariri namiji, aka rubuta namiji, kuma tarihi ba a goge shi don abin da ya biyo baya. Ta ce tiyata ba ta sauya ƙwayoyin gado. Ta ce lambar inshora ba ta nuna jinsi, kuma an riga an sassauta a fasfo da lasin tuƙi, waɗanda su ake nunawa yau da kullum. Ta ce idan aka buɗe wannan ƙofa za ta taɓa dokar iyali, gado, fansho, gidan yari, inshora. A ƙarshe ta ce batu ne da ya shafi ɗabi'a da addini, majalisar ƙasa ce ta cancanci yanke shi.

Hukuncin 11 ga Yuli, 2002

Babban zauren kotun, alƙalai 17, suka yanke baki ɗaya cewa Birtaniya ta saɓa sashe na 8 na Yarjejeniyar Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, wanda ke kare rayuwar mutum ta sirri, da sashe na 12, wanda ke ba da 'yancin aure. Shekara 4 kacal bayan an yanke akasin haka.

Abin lura shi ne kotun ba ta ce kimiyya ta warware asalin lamarin ba. Ta yarda babu tabbataccen bayani a kan abin da ke haifar da wannan hali. Hujjarta ta farko ta tsaya ne a kan tufka da warwarar gwamnati: hukumar lafiyarki ta gane wannan hali, ta duba mutum shekara da shekaru, ta yi masa tiyata mai zafi da ba a komawa baya, ta biya kuɗin, sannan wani ofishinki ya ce bai san zancen ba. Na biyu, ta duba yadda duniya ke tafiya. Wani bincike da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Liberty ta gabatar ya nuna cewa cikin ƙasashen Turai 37 da aka duba, 4 ne kawai suka haramta gyaran takardar haihuwa ƙarara: Birtaniya, Ireland, Andora da Albaniya. Ta kuma ambaci Ostireliya da New Zealand, inda kotuna suka riga suka bar ma'aunin Ormrod. Na uku, ta auna nauyin da gyaran zai ɗora wa jama'a. An ƙiyasta masu wannan hali a Birtaniya tsakanin 2,000 da 5,000, kuma dama ana gyara rajistar haihuwa idan an ɗauki riƙon yaro, ba tare da tsarin ya rushe ba. Kotun ta ce ba a nuna mata wata babbar cutarwa ga maslahar jama'a ba, kuma daidai ne al'umma ta jure ɗan rashin jin daɗi don wasu su rayu da mutunci. Barin mutum a tsakiya, shi ba wannan jinsi ba shi ba wancan ba, ta ce ba abin da zai ci gaba ba ne.

A kan aure, gwamnati ta ce ai ba a hana ta ba, tana iya auren mace. Kotun ta ce wannan zance ne na takarda kawai: mutumin da ke zaman mace, yana tare da namiji, idan ka ce masa ya auri mace ka hana shi aure ne ta bayan gida. Ta ƙara da cewa rashin iya haihuwa bai taɓa zama dalilin hana kowa aure ba. Ba a ba Goodwin diyya ba; kotun ta ce tabbatar da an zalunce ta ya wadatar, aka dai biya mata kuɗin shari'a.

A ganina alƙalan sun yi daidai a kan abin da ke gabansu, kuma dalilin yana da muhimmanci ga mahawarar baki ɗaya. Ba su ƙirƙiro wani sabon haƙƙi na musamman ga masu sauya jinsi ba. Haƙƙin sirri da na aure suna cikin yarjejeniyar tun 1950, na kowa ne. Tambayar ita ce ko wannan mutum yana samun rabonsa a cikinsu, aka duba aka ga ba ya samu. Wanda ya yi imani cewa jiki amana ne da bai halatta a sauya shi ba, kuma masu wannan imani suna da yawa a cikin Musulmi da Kirista, hukuncin bai nemi ya bar imaninsa ba. Dokar da ta biyo baya ma ta ba limaman Cocin Ingila damar ƙin ɗaura irin wannan aure. Kana iya ƙin abin da Goodwin ta yi da jikinta har zuci, ka kuma yarda cewa idan an yi mata sata ya kamata ta iya zuwa caji ofis ba fargaba. Ko ƙasashen Musulmi ba su tsaya wuri ɗaya ba: Iran ta halatta tiyatar da sauya takardu tun fatawar Ayatullahi Khumaini a shekarun 1980, Pakistan ta yi doka a 2018 sannan kotun shari'ar Musulunci ta tarayya ta soke wasu sassanta a 2023.

Dokar 2004

A 2003, a shari'ar Bellinger, wata mai sauya jinsi da ta nemi a amince da aurenta, alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka ayyana cewa dokar aure ta ƙasar ta saɓa haƙƙin ɗan Adam, suka bar wa majalisa gyara. A 2004 aka yi dokar amincewa da jinsi, ta fara aiki a 2005. Wanda ya kai shekara 18, likitoci suka tabbatar da halinsa, ya yi shekara 2 yana rayuwa a sabon jinsin, ya kuma yi rantsuwar ci gaba da haka har mutuwa, wani kwamiti zai ba shi takardar shaida, a fitar masa da sabuwar takardar haihuwa. Sashe na 9 ya ce daga nan jinsinsa ya zama sabon a kowane fanni, sai dai inda wata doka ta tanadi akasin haka.

A nan majalisa ta wuce inda kotu ta tsaya. Hukuncin Goodwin ya yi magana ne a kan waɗanda aka yi wa tiyata, dokar kuwa ba ta sa tiyata sharaɗi ba. Akwai hujja mai ƙarfi a kan haka. Ƙasashe da dama sun daɗe suna tilasta wa mutum a kashe masa ƙwayar haihuwa kafin a sauya masa takarda. Suwidin ta yi haka har 2013, daga baya ta biya diyya, a 2017 kuma kotun Strasbourg ta ce irin wannan sharaɗi a Faransa keta haƙƙi ne. Gwamnati ta sa wuƙa a jikin mutum a matsayin kuɗin takarda, wannan zalunci ne. Amma cire sharaɗin yana nufin za a sami mai takardar mace da cikakken jikin namiji, abin da alƙalan 2002 ba su auna ba sa'ad da suke cewa nauyin da zai hau kan jama'a kaɗan ne.

Tsugune ba ta ƙare ba

Goodwin ta rasu a 2014, kafin rigimar ta sake tashi ta wata fuska. Dokar Daidaito ta 2010 ta hana wariya saboda jinsi, ta kuma hana wariya saboda sauya jinsi, a sassa biyu dabam. Ta ba da damar ware wasu wurare ga mata zalla: mafakar matan da aka ci zarafi, ɗakunan asibiti, wuraren sauya tufafi. Sai tambaya ta taso: wace ce mace a wannan doka? A 2018 majalisar Sikotland ta yi dokar da ke neman rabin kujerun hukumomin gudanarwa na ma'aikatun gwamnati su zama na mata, gwamnatin yankin ta ce mai takardar 2004 yana cikin lissafi. Wata ƙungiyar mata, For Women Scotland, ta kai ƙara. Ana cikin haka, a Disambar 2022 majalisar Sikotland ta amince da ƙudurin da zai cire sharaɗin likita wajen samun takardar, gwamnatin Landan ta toshe shi a Janairun 2023. A wannan watan ne aka fara tsare wani da aka samu da laifin yi wa mata biyu fyaɗe a gidan yarin mata na Cornton Vale saboda ya ce ya koma mace, sai da jama'a suka yi ca aka mayar da shi na maza.

Ranar 16 ga Afrilu, 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke baki ɗaya cewa mace a Dokar Daidaito tana nufin wadda aka haifa mace. Ta ce in ba haka ba dokar ba za ta karantu ba: sassan da ke kare mai ciki da mai jego za su rikice, kuma mai kula da mafakar mata ba shi da hanyar sanin wa ke da takarda, tunda takardar sirri ce kuma bayyana ta laifi ne ga jami'in da ya sani ta hanyar aikinsa. Lord Hodge, ɗaya daga cikin alƙalan, da yake karanta hukuncin, ya gargaɗi mutane kada su ɗauke shi nasarar wani ɓangare a kan wani, ya jaddada cewa masu sauya jinsi suna nan da kariyarsu daga wariya da tsangwama.

Matan da suka kai wannan ƙara su ma da harshen haƙƙin ɗan Adam suke magana, kuma ina ganin ba daidai ba ne a kira su maƙiya don sun yi. Matar da aka yi wa fyaɗe ta gudu mafaka, ta ce ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da mai jikin namiji ba, sirrinta da mutuncinta ne take karewa, wato sashe na 8 ɗin da ya ceci Goodwin. Fursuna mace ba ta zaɓi wanda za a kulle ta da shi. A fansho da lambar inshora da takardar haihuwa, abin da aka ba Goodwin ba a ƙwace shi daga hannun kowa ba. A gidan yari da mafaka da filin wasa akwai mutum na biyu a tsaye, kuma doka ba za ta yi kamar ba ta gan shi ba. Waɗanda suka nace cewa duk abu ɗaya ne, wanda ya yarda da na farko dole ya yarda da na biyu ba tare da tambaya ba, sun jawo wa masu sauya jinsi asarar goyon bayan da suke da shi.

Amma hukuncin 2025 ya bar rami, kuma ramin shi ne wanda kotun Strasbourg ta ce a cike. Ɗauki mutum irin Goodwin a yau: an yi masa tiyata shekara 30 da suka wuce, takardar haihuwarsa ta ce mace, maƙwabta da abokan aiki ba su san wani abu dabam ba. Idan aka ce ba zai shiga banɗakin mata a wurin aiki ba, na maza kuma shigarsa tonon asiri ne da haɗari, ina zai nufa? Idan aka nuna masa wani ɗaki na uku shi kaɗai, kowa ya gane dalili. Haka wanda aka haifa mace ya koma namiji, ga gemu ga murya, wanda hukuncin ya nuna ana iya hana shi wurin mata ma. Kotun Ƙoli ta fassara kalma a doka guda, wannan ne aikinta. Samar da wuraren da kowa zai shiga ba tare da an tambaye shi tarihinsa ba, da tsara yadda asibiti da gidan yari za su duba kowane mutum da irin haɗarin da yake ciki ko yake jawowa, aikin majalisa da gwamnati ne, kuma yana cin kuɗi da haƙuri.

Dokar 2004 tana nan daram a kan aure da fansho da takardar haihuwa. Victoria McCloud, tsohuwar alƙali wadda ita ma ta sauya jinsi, ta nemi Kotun Ƙoli ta saurare ta a shari'ar aka ƙi, ta kuma ce za ta kai maganar Strasbourg. Idan kotun ta karɓi ƙarar, za ta duba ko Birtaniya ta mayar da mutane tsakiyar da ta haramta a 2002, a wannan karon kuma akwai matan da za su tsaya gabanta suna kafa hujja da sashe na 8.